Kamu Goma Sha Shida

Ni gajere ne, taubashina kuma dogo. Ɗan yayan mahaifiyata ne, tare muka tashi, kuma ban tuna ranar da muka haɗu muka rabu bai taɓa tsawona ba. Guntu yake kirana har gaban surukaina. Yakan ce in na hau jaki, jakin ba ya sanin an hau shi. Ni kuma in ce masa tsawon ne ya cinye abin da za a zuba masa a ka. Wannan wasan namu na taubasai ya kusa raba garinmu da filin ƙwallonsa, a shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana.

Garinmu yana gaɓar kogi, wanda mu bahar muke ce masa, ba nisa da Abu Hujar. Hausawa ne mu a ƙasar masu jin Larabci, manoma da masunta. Samarinmu sun daɗe da kulob, suna shiga gasar ƙauyukan yankin da ake farawa bayan an kai amfanin gona gida. Fili ne ba mu da shi. Wasan da ake kira namu na gida, a filin makarantar wani gari muke yinsa, tafiyar sa'a guda a bayan lori. Tsofaffi ba sa zuwa, mata ba sa zuwa. Duk saurayin da ƙafarsa ta yi kyau, kafin shekara ta zagayo wani kulob na birni ya ja shi, daga nan sai da salla ake ganinsa.

Akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri tsakanin gidajen gari da bakin ruwa, na Kawu ne, mahaifin taubashin nawa. Kawu shi ne mai igiyar jarf. Jarf ita ce ƙasar gaɓa da ruwa ke janyewa ya bari kowace shekara, inda muke shuka wake da kuɓewa da kabewa. In ruwan ya sauka, laka ta shafe iyakoki, ba a gane na wane daga na wane. Sai Kawu ya fito da igiyarsa ta kaba, wadda ya tufka da kansa ya auna da hannunsa, ya bi gaɓar yana raba wa kowa nasa. Ban taɓa jin an yi masa gardama ba, domin igiyar ɗaya ce, da ita ake auna na mai gari, da ita ake auna na bazawara.

Da mu dattawan kulob muka je roƙon wurin, sai da ya sa muka koma sau uku. A na ukun ya yarda, ya ce: "Aro ne, ba kyauta ba. Ran da faɗa ko abin kunya ya hito daga filin ga, da damina dawa za ta tsaya a kai."

Mun yi kwanaki muna aiki. Muka sare ƙaya, muka cike tsagar baƙar ƙasa da yashin kogi, mata suka tara mana tokar murhu ta zana layi, masunta suka ba da tsohuwar komarsu ta yin raga. Saura turaku da sandar sama. Ni aikina ɗaurin jinka da kafa rumfa, taubashina kuma gyaran kwale-kwale, don haka aka bar mana wannan. Muka tambayi Ustaz, malamin firamare da ke riƙe da takardun kulob, faɗin raga nawa ne. Ya faɗa da mita. Muka ce ba mu da mita. Ya tsaya ya yi lissafi a ƙasa da tsinke, ya ce faɗi kamu goma sha shida, tsawo kamu biyar da taƙi.

A garinmu kowa da hannunsa yake awo. Yadi, azara, igiyar guga, har ramin kabari, sai ka sa gwiwar hannu ka miƙa yatsa ka ƙirga. Ranar alhamis ce, gobe wasan farko, rana ta riga ta karkata. Na ce mu je mu ari igiyar Kawu. Taubashina ya ce don sanda shida za mu je mu tada tsoho daga barcin rana? Ya ce in kama ragar wajen gari, shi ya kama ta bakin ruwa, a ga wanda zai riga gamawa, kuma in sandar sama ta fi ƙarfina in kira matata ta ɗaga ni. Na ce masa ya kula kada ya kafa tasa a cikin kogi. Kowa ya ja turakunsa na gabaruwa da gorarsa ya nufi nasa gefen. Na auna kamu sha shida, ban rage ko yatsa ba. Shi ma haka. Na riga shi gamawa, kuma na yi mako ina yi masa gori.

Ba zan manta da juma'ar nan ba. Bayan la'asar garin duka ya fito. Tsofaffi suka shimfiɗa tabarmi a gindin gabaruwa, mata suka jeru a tudun gaɓa, masu shayi suka hura gawayi. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa ganin wasan ƙwallo ba, ta tambaye ni dalilin da ya sa ba za a ba kowa tasa ba a huta. Samarin da kullum Larabci ne a bakinsu, ranar da Hausa suke kiran juna a fili, don iyayensu na ji. Muka ci biyu da nema. Mako na gaba muka je waje muka yi kunnen doki, muka dawo gida muka sake ci.

Mai tsaron ragarmu masunci ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, ba shi da yawan magana. Bayan wasanmu na huɗu a gida ya same ni a jarf ina cirar ciyawa a cikin wake. Ya tsuguna ya taya ni layi guda kafin ya ce: "Yaya, ragar bakin bahar ta fi ta gari faɗi. Haƙarƙarina ne ya gaya mini. In na faɗi a ta gari ina taɓa turke, a waccan ba na kaiwa."

Na ce masa gajiya ce. Amma da rana ta take, filin ba kowa sai awaki, na yanki karan dawa daidai kamuna na tafi. Tawa sha shida cif. Ta taubashina sha takwas saura kaɗan, kuma ta fi tawa tsawo da kusan taƙi. Na sake aunawa, haka. Na zauna a inuwar turke na dubi hannuna, sai a lokacin na gane abin da muka yi.

Abin da ya kamata in yi a ranar na san shi. In je wurin Ustaz, a kira taubashina, a gyara kafin juma'a. Ban je ba. Na ce wa raina ai ana juyawa bayan hutun rabin lokaci, kowa yana samun babbar ragar sau ɗaya, ba a cuci kowa ba. Kuma ina jin nauyin a ce masu sana'a biyu sun kasa kafa sanda shida. Sai dai masuncin ya riga ya gaya wa kyaftin ɗinmu, kuma daga makon na ga wasa ya canja. In an jefa kwabo muka samu zaɓi, kyaftin sai ya zaɓi mu fuskanci bakin ruwa a zagaye na biyu, lokacin da ƙafafun baƙi suka mutu a yashi. 'Yan gabanmu suka koma bugawa daga nesa, suna neman gefen turke. Baƙi ba su san komai ba, mu mun sani. Ina tsaye da kwanona na tokar zana layi ina gani.

Muka gama a saman rukuninmu, aka ba mu wasan kusa da na ƙarshe a gida. Abokan karawarmu mutanen ƙetaren kogi ne, Hausawa kamar mu, kuma surukanmu, don mata da yawa a garinmu daga can aka auro su, har da tawa. A kwale-kwale suka zo, da ganguna.

Mai tsaron ragarsu magini ne. Yana da wata ɗabi'a, kafin a fara sai ya taka layinsa daga turke zuwa turke, diddige na bin yatsa. Ya yi haka a ragar gari a zagayen farko, ya tofa addu'a, ya tsaya. Suka sa mana ɗaya kafin hutu. Da aka juya ya je ta bakin ruwa ya taka, ya tsaya, ya koma ya sake takawa. Na ga ya je wurin alƙalin wasa yana nuni da hannu, alƙalin ya kore shi ya busa. Muka sa masa biyu, duka a jikin turke, ya miƙe iya miƙewa bai kai ba. Garinmu ya yi ta guɗa. Ni na kwashe kwanona na tafi gida.

Washegari suka kai ƙara a rubuce wurin lajana, wato kwamitin gasar. Saƙo ya zo wa Ustaz cewa shugaban lajana zai zo ranar talata da abin awonsa. In an samu da gangan aka yi, za a fitar da mu daga gasa a kuma hana wasa a filin. Kowa ya san ko lajana ba ta hana ba, akwai maganar Kawu.

Ranar lahadi da hantsi taubashina ya zo da kyaftin. Bai ko zauna ba.

"Guntu, aikin sa'a ɗaya ne. Mu tuge turke ɗaya, mu matso da shi, mu rage gora, mu watsa yashi a ramin. Talata su zo su auna su koma."

Na ce maginin ya taka layin a gaban gari biyu, kuma ba zai manta ƙirgarsa ba. Kyaftin ya ce maganar mutum ɗaya ce, wanda aka ci. Na ce to, mu tafi, amma da wane kamu za mu gyara, nawa ko na dogo? Wa ya ce mana tawa ce daidai? Taubashina ya miƙa hannunsa ya duba, ya dubi nawa. Kyaftin ya ce in filin ya tafi, a wuyana yake, ya fita.

Na je wurin Kawu. Na same shi a rumfa yana tufka. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai tun daga alhamis ɗin nan, har da igiyarsa da muka ƙi zuwa ara. Bai daina tufkar ba.

"Tun yaushe kas sani?"

Na ce tun wasa na huɗu.

Ya kai ƙarshen kabar da ke hannunsa, ya ɗauki wata. "Abin da ka hwaɗa min, ka hwaɗa musu ran talata, ina zamne ina ji."

Na tambaye shi filin fa. Ya ce damina da saura.

Shugaban lajana tsohon ma'aikacin ban ruwa ne, ya yi shekaru yana auna magudanai a gonakin Jazira kafin ya yi ritaya. Rabin maganarsa Hausa, rabi Larabci. Ya zo da mitarsa a cikin jakar fata, mutanen ƙetare suka cika kwale-kwale uku, garinmu ma ya fito. Aka shimfiɗa wa Kawu buzu a gindin gabaruwa. Shugaban ya fara da ragar bakin ruwa. Ya ja, ya duba, ya ce ta wuce ƙa'ida da kusan kamu guda. Mutanen ƙetare suka ɗauki hayaniya. Ya ɗaga musu hannu, ya taka zuwa ta gari. Ya ja, ya duba, ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya ce wannan kuma ta gaza da kamu guda.

Ya tambayi wanda ya kafa su. Muka fito mu biyu. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi taubashina, ya ce mu ɗora gwiwar hannu a kan bencin mai shayi. Muka ɗora. Yatsuna sun tsaya a tsakiyar tafinsa. Wata tsohuwa daga ƙetare ce ta fara fashewa da dariya, sai wurin duka ya ɗauka, har maginin da ya kawo ƙara ya riƙe ciki. Taubashina ya ce shi dai sha shida aka ce masa, laifin na wanda bai ci tuwo ya girma ba ne. Shugaban yana share hawaye ya ce wannan galat ne, kuskure, ba ha'inci ba, ya fara naɗe mitarsa.

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Na waiwaya, Kawu yana zaune yana kallona. Na ce, ranka ya daɗe, akwai saura. Na ce kafawar kuskure ce, amma tun wasa na huɗu na auna na gani, kuma ban faɗa ba, kuma mun yi amfani da sanin. Ban ambaci kyaftin ko masuncin ba. Dariyar ta ɗauke. Wani daga cikin samarinmu ya ja tsaki a bayana.

Lajana ta koma gefe ta yi shawara. Hukuncin da suka yanke shi ne an soke cinmu, za a sake wasan a filin bayan an gyara ragogin biyu da mita. Ni kuma an cire ni daga dattawan kulob, kuma zan bi shugaban ina riƙe masa bakin mita har a auna filayen ƙauyukan gasar duka. Kawu ya tashi, ya karkaɗe buzunsa, ya tafi.

Ranar gyara, maginin ya ƙetaro da kansa da zaren awonsa mai dalma a baki. Ya ce ba zai sake yarda da hannun kowa a garin nan ba. Shi ya tsai da turakun, mu muka haƙa. Ya ci tuwo a gidana, don matata 'yar unguwarsu ce.

Wasan da aka sake ya fi na farko cika. Maginin ya taka ragar gari, ya ruga ya taka ta bakin ruwa, ya ɗaga hannu sama, aka tafa masa. Har hutu ba ci. A zagaye na biyu suka sa mana ɗaya daga kwana. Saura kaɗan a tashi, mai tsaron bayansu ya kwashe ƙafar ɗan gabanmu a bakin da'ira, alƙali bai busa ba. Samarinmu na gefen layi suka yunƙura za su shiga. Ina can nesa, ba zan kai ba. Sai na ga taubashina ya diro gabansu ya buɗe hannuwan nan nasa biyu, yana tura su baya yana kiran kowa da sunan uwarsa, yana tambaya ko dawa suke so su zo su kalla baɗi. Masuncin ya baro ragarsa ya taya shi. Suka koma bayan toka. Ranar na ga amfanin dogon hannu, kuma na gaya masa, sau ɗaya.

Aka tashi ɗaya da nema. Gasarmu ta ƙare a nan. Mun raka baƙi har bakin ruwa, ba wanda ya jefi wani. Samari da yawa sun yi makonni ba sa gaishe ni, kyaftin ya fi wata biyu. Ban bi su da magana ba. In mun haɗu ni nake fara sallama, wanda ya amsa ya amsa.

Da bazara na bi shugaban lajana ƙauye-ƙauye a bayan babur ɗinsa. Ba zan faɗi abin da muka gani a filayen mutane ba, sai dai na dawo da sanin cewa ba mu kaɗai ke da gwiwar hannu ba. A ƙauyen farko ya ce in karanta masa inda mitar ta tsaya. Na ce ban iya ba. Ya ciro jan zare daga hularsa ya ɗaura a wurin. A ƙauye na uku ya kwance zaren ya nuna mini da farce: bakwai, uku, biyu, faɗin raga ke nan. Su ne lambobin da na fara ganewa a duniya. Kafin mu gama zagayen ina karanta masa mitar daga farko har ƙarshe, yana gyara mini. Da Ustaz ya buɗe ajin manya a shekarar da ta biyo, ni na fara zuwa na zauna a benci. Na daɗe a ajin, hannuna ya saba da igiya da wuƙa, alƙalami ya yi ta kufce masa, amma ban bari ba.

Duk tsawon bazarar Kawu bai ce komai game da filin ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Wata safiya na ji ƙarar tarakta ta nufo wajen gaɓa. Na fito, na tarar mutane sun riga ni, har da kyaftin. Taraktar ta gama gonar Kawu ta kudu, ta juyo ta doshi filin. Kawu yana tafe a gabanta da sandarsa, a hankali. Ruwa ya wanke tokar layi, amma ya san inda take. Da ya kai wurin ya tsaya, ya ɗaga sanda, ya nuna wa direban hagu. Garmar ta bi gefen filin ta zagaye shi, ta wuce bayan ragar bakin ruwa, ta fita.

Ya yafito mu, ni da ɗansa. Ya ciro wata sabuwar igiyar kaba daga aljihun rigarsa, da ƙulli a kowane baki da wani a tsakiya. Ashe ran da aka yi gyara ya aika an auno masa ita a jikin mitar shugaban, faɗi da tsawo. Ya miƙa mini, ya ce in an gama da ita kowace shekara a mai da ita zaure, a rataye kusa da ta jarf.

"Bana ma aro ne," ya ce, ya juya ya bi taraktarsa.

Taubashina ya dubi igiyar a hannuna. Ya ce ƙusar zauren tana da nisa daga ƙasa, in na zo ratayewa in aika a kira shi.